Zinki, Ƙarfe da Seleniyam: Daga Ƙasar Gonarka Zuwa Garkuwar Hanjin Iyalinka

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk lokacin da aka zauna lissafin damina ma'auni ɗaya muka sani, shi ne buhu nawa aka ɗauka a hekta. Da shi ake yabon iri, da shi ake yabon taki, da shi kuma ake auna ƙwazon malamin gona a ƙarshen shekara. Ba kasafai ake tambayar abin da ke cikin ƙwayar da aka zuba a buhun ba. A ra'ayina lokaci ya yi da za mu ƙara wannan tambaya ta biyu a cikin aikinmu, kuma hujjata za ta fito daga inda ba ku saba ji ba a irin waɗannan shafuka, wato daga binciken da likitoci ke yi a kan wani ciwo da ake kira kumburin hanji mai daɗewa. Ni ba likita ba ce, aikina ƙasa da shuka ne. Amma sinadaran da likitocin suka gano cewa ƙwayoyin garkuwar hanji ba sa aiki sai da su, su ne dai waɗanda muke aunawa a ƙasar gona, kuma mafi yawansu ta jijiyar shuka suke bi kafin su kai ga akushi.

Ciwon da ake magana a kai

Kumburin hanji mai daɗewa iri biyu ne. Akwai ciwon Kuron, wanda ya samo sunansa daga likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana shi a 1932 a birnin Niyok na Amurka. Wannan yana iya kama kowane sashe na hanyar abinci tun daga baki har dubura. Na biyu shi ne gyambon babban hanji, wanda ke tsayawa a babban hanji kaɗai. A duka biyun, garkuwar jikin mutum ce ke wuce gona da iri: tana ɗaukar ƙwayoyin halittar da ke zaune lafiya a hanji tamkar abokan gaba, ta yi ta faɗa da su ba hutu, har bangon hanjin ya kumbura ya yi gyambo. Mai ciwon yakan yi fama da gudawa mai jini da majina, murɗar ciki, rama da ƙarancin jini; ya lafa na wasu watanni, ya sake tashi. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da shi a duniya. A da ana ganin ciwon Turawa ne, amma bincike ya nuna yana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, musamman a birane inda cima ta sauya.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Rashin zinki a gona ba shi ke haddasa wannan ciwo ba. Gado da yanayin rayuwa da irin ƙwayoyin da ke cikin hanji duk suna da hannu. Haka kuma ba shi ne ciwon da ya fi damun ƙauyukanmu ba. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne, saboda ya addabi ƙasashe masu kuɗi, an kashe dukiya mai yawa wajen leƙa bangon hanji da ƙwayoyin da ke tsaronsa. Ilimin da aka samu ya haska mana abin da ya fi kusa da mu, wato gudawar yara, da wani kumburin hanji na ɓoye da ke kama yaran da ke rayuwa cikin ƙarancin tsafta, wanda ke hana abinci kama jikinsu har su tsumbure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 68 cikin 100 kuma suna da ƙarancin jini. Waɗannan 'ya'yan manoma ne galibi.

Ka ɗauki hanji kamar shingen gona. Idan aka shimfiɗa fatar cikinsa, faɗinta zai kai kimanin murabba'in mita 30, kwatankwacin babban ɗaki, amma kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak, kuma jiki na sabunta ta cikin kwana uku zuwa biyar. A gefe ɗaya akwai abinci da tarin ƙwayoyin cuta da na amfani, a ɗaya gefen akwai jini. Bayan shingen nan akwai sojojin garkuwar jiki masu yawa a jibge. Aikinsu yana da wuya, domin dole su bar abinci ya wuce, su ƙyale baƙon kirki, su kashe mugu, sa'an nan su san lokacin ajiye makami.

Zinki

Duk zinkin da ke jikin babban mutum, wanda wasu ke kira tutiya, bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, kuma jiki ba shi da rumbun ajiyarsa. Namiji na buƙatar kimanin miligiram 11 a rana, mace 8, mai ciki da mai shayarwa fiye da haka. Tun ba a daɗe ba aka yarda cewa mutum na iya rasa shi. A 1961 wani likita ɗan Indiya mai suna Ananda Prasad ya ba da labarin samari a ƙasar Iran, 'yan shekara ashirin, masu jikin yara 'yan shekara goma, waɗanda abincinsu gurasar alkama ce marar yisti, har suna cin ƙasa. A 1963, a Masar, ya tabbatar da cewa zinki ne suka rasa. Ka riƙe zancen gurasa marar yisti a ranka, za mu komo kansa.

Aikin zinki a hanji ya kasu gida-gida. Shi ke ƙarfafa ɗinkin da ke haɗa ƙwayoyin bangon hanji da juna. In ya yi ƙaranci ɗinkin ya saki, ƙwayoyin cuta da gubarsu su riƙa ɓullawa cikin jini, sojoji su tashi, kumburi ya fara. Akwai kuma wani ɗan ƙullutu a bayan ƙashin ƙirji da ake kira tayimos, wanda shi ne makarantar horar da sojojin da ake kira ƙwayoyin T. Rashin zinki na sa wannan ƙullutu ya shanye, sojojin da yake yayewa su ragu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a cikin ƙwayoyin T akwai masu tayar da faɗa, akwai kuma masu kwantar da shi, kuma gwaje-gwajen da aka yi a dabbobi da a ɗakin bincike sun nuna zinki na taimakon masu kwantarwar. Ke nan rashinsa asara biyu ce: tsaro ya yi rauni, tarzoma kuma ta ƙi mutuwa.

Akwai wata dabara da jiki ke yi wadda duk manomin da ya taɓa tare ruwa don hana ciyawa sha zai gane. Sojojin da ke fara isa fagen fama, waɗanda ake kira nitirofil, suna zubar da wani furotin mai suna kalfurotektin, wanda ke kame zinki da manganis don ƙwayoyin cuta su rasa abin ci. Shi ya sa likitoci ke auna yawan wannan furotin a bayan gida don sanin ko hanji na kumbure. Wato yaƙin da ake yi a hanji, wani ɓangarensa yaƙin neman ma'adinai ne tsakanin jiki da cuta.

Mai gudawa yana zubar da zinki da yawa, rashin zinkin kuma na tsawaita gudawar, haka abin zai yi ta zagayawa. An sha samun ƙarancin zinki a jinin masu kumburin hanji, kuma an lura waɗanda ke da ƙarancin sun fi yawan kwanciya asibiti. Wani dogon bincike da aka yi a kan ma'aikatan jinya mata kimanin 170,000 a Amurka, wanda aka buga a 2015, ya samu cewa masu samun zinki da yawa a abinci ba su cika kamuwa da ciwon Kuron ba, amma bai ga irin wannan alaƙa da gyambon babban hanji ba. Alaƙa ce aka gani, ba a ce zinki riga-kafi ne ba. Inda hujja ta tsaya da ƙafarta shi ne gudawar yara: tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa miligiram 20 na zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10, tare da ruwan gishiri da sukari. Malamin gona da ya san wannan kaɗai ya tunatar da iyaye mata a taron ƙungiya, ya yi aikin da ya kai rabon buhun taki.

Seleniyam

Wannan kuwa abin da ake buƙata bai kai ko ƙwayar gero ba, maikirogiram 55 a rana, alhali maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram. Sojan da ke kashe ƙwayar cuta da guba mai ƙuna yake kashe ta, kuma gubar ba ta bambance jikin maƙiyi da na mai gida. Furotin masu ɗauke da seleniyam, waɗanda yawansu ya kai 25 a jikin mutum, wasunsu su ke share wannan guba bayan faɗa. An gwada a ɓeraye an ga cewa idan seleniyam ya wadata, manyan sojojin nan masu haɗiye cuta, da ake kira makirofaj, sun fi saurin juyawa daga faɗa zuwa gyaran rauni, gyambon hanjin kuma ya fi saurin warkewa. A mutane hujjar ba ta kai ƙarfin ta ɓeraye ba.

Abin da babu shakka a kansa shi ne seleniyam ɗin hatsi daga ƙasa yake. A gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin Sin, inda ƙasa ba ta da shi, an yi fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata matasa, wanda ya ɓarke a 1935, kuma bai ja da baya sosai ba sai da aka fara ba mutane seleniyam a shekarun 1970. Ƙasar Finlan ta bi ta hanyar gona: a 1984 ta yanke shawarar a riƙa zuba ɗan seleniyam a cikin takin zamani, abin da jama'arta ke samu a abinci ya ninka. A Malawi an gano masarar da aka noma a ƙasa mai tsami ba ta da seleniyam sosai idan aka gwada da ta ƙasa mai farar ƙasa a cikinta. Wani bincike da aka buga a 2021 ya zana taswirar hatsin Malawi da Habasha, ya nuna cewa ga iyalin da ke cin abin da ya noma, garin da yake zaune na iya zama abin da ya fi tasiri a kan ma'adinan da yake samu. Ƙasashenmu masu ruwan sama mai yawa, waɗanda ruwa ya wanke suka yi tsami, sun cancanci irin wannan taswira. Sai dai ina gargaɗi: tsakanin amfanin seleniyam da gubarsa tazarar kaɗan ce, fiye da maikirogiram 400 a rana na iya sa gashi da farce su zube. Wannan aikin hukuma ne da masana'antar taki, kada manomi ya taɓa gwada shi da kansa.

Ƙarfe, wanda ya koya mana cewa yawa ba shi ne magani ba

Ƙarancin jini shi ne abokin tafiyar kumburin hanji da aka fi gani, domin mai ciwon na zubar da jini ta gyambo. Kowa zai ce to a ba shi ƙwayar ƙarin jini. A nan ne lamarin ya ɗaure. Idan akwai kumburi a jiki, hanta na sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda aka gano a wajajen 2000 zuwa 2001. Shi kuwa ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga jini yake rufewa, a hanji da kuma a cikin makirofaj, domin a hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe, tun da su ma da shi suke hayayyafa. Saboda haka ƙwayar da majinyacin ya haɗiya kaɗan ce ke shiga jini, sauran ta gangara babban hanji ta zama abincin miyagun ƙwayoyi. Shi ya sa idan ciwon na kan ganiyarsa likitoci suka fi son ba da ƙarfe ta jijiya.

An ga makamancin wannan a Afirka a jikin yaran da ba su da ciwon Kuron. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, an yi gwaji da yara fiye da 24,000, aka buga sakamakon a 2006. Dole aka dakatar da ba da ƙarfe kafin lokaci, saboda yaran da ake ba wa sun fi kwanciya asibiti da mutuwa, a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A Kodebuwa kuma, binciken da aka buga a 2010 ya nuna 'yan makarantar da aka ba biskit mai ƙarin ƙarfe na wata shida, miyagun ƙwayoyi sun ƙaru a hanjinsu, masu amfani sun ragu, kalfurotektin ɗin nan mai nuna kumburi ya hau. Wannan bai hana a ba yaro ko mai ciki ƙarfe ba; shawarar masana ita ce a ba da shi inda ake riga-kafi da maganin zazzaɓi, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Zinki ma haka yake: wanda ya daɗe yana shan fiye da miligiram 40 a rana zai toshe wa tagulla hanyar shiga jiki, rashin tagulla kuma na rage fararen ƙwayoyin jini, wato ya rushe garkuwar da ya fito ginawa.

A nan ne nake ganin gona ta fi kwalba. Ma'adinin da ya zo cikin ƙwayar gero ko wake kaɗan-kaɗan yake zuwa, kullum, haɗe da sauran abinci, jiki ya ɗauki abin da yake so. Da wuya ka ji wanda tuwo ya yi wa yawan zinki.

To, me ke hannunmu?

Takin da akasarinmu ke zubawa, NPK 15-15-15 ko 20-10-10 da yuriya, abinci uku kawai yake mayar wa ƙasa. Kowace shekara muna kwashe hatsi, mu kwashe kara da harawa, wani lokaci mu cinna wa saura wuta, ba ma mayar da zinkin da suka tafi da shi. Jigawa mai yashi, da gonar da zaizaya ta kwashe samanta, da fadamar shinkafa da ruwa ke kwanciya a kai, su suka fi nuna rashin. Yawan takin fosfaras ma na danne zinki. A masara za ka ga faffaɗan zane fari ko rawaya a gefen jijiyar tsakiya ta sabon ganye, gaɓoɓin kara su gajarce. A shinkafa kuwa, makonni kaɗan bayan dashe ganye zai yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, shuka ta ƙi 'ya'ya. Sau da yawa manomi kan ga haka ya ƙara yuriya, kuɗi ya tafi, cutar na nan. Abin da ya fi haɗari shi ne gonar da ba ta nuna alama ko kaɗan, amma ƙwayarta fanko ce ta fuskar zinki.

Yawan amfani shi kansa yana iya tsinka ma'adinan ƙwaya. A tashar bincike ta Rothamsted a Ingila akwai gonar gwajin alkama da ake nomawa tun 1843, ana ajiye samfurin kowace shekara. Da aka auna samfuran aka ga zinki da ƙarfe da tagulla sun ragu a ƙwaya tun daga tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aka shigo da gajeren iri mai yawan bayarwa, alhali ba su ragu a ƙasar ba. Ba na kiran kowa ya koma tsohon iri, yunwa ta fi komai muni. Kira nake ga masu ƙirƙiro iri su riƙa auna abu biyu. An kuma fara. A 2013 Bangaladash ta saki shinkafa mai zinki ta farko, a 2018 Jamhuriyar Nijar ta saki geron Chakti mai yawan ƙarfe da zinki, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, a 2025 kuma Nijeriya ta saki shinkafa mai zinki FARO 71 da FARO 72. Farar shinkafa ta yau da kullum na ɗauke da kimanin miligiram 16 na zinki a kilo, burin masu wannan aiki shi ne a kai 28. Ga gidan da ke cin shinkafa safe da dare, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ta fuskar taki, darasin Turkiyya ya isa misali. A shekarun 1990 Farfesa Ismail Cakmak da abokan aikinsa sun gano rashin zinki ne ke danne alkama a tsakiyar ƙasar, aka fara sa shi a taki, amfani ya ƙaru, zinkin ƙwaya ma ya ƙaru. Inda gwajin ƙasa ya tabbatar da rashi, akan zuba zinki salfet kilo 10 zuwa 25 a hekta, kuma amfaninsa kan kai shekara biyu zuwa uku. Idan kuwa ƙwayar ake son ta ƙoshi, feshin ganye ya fi kai wa gaci: giram 5 a kowace lita ta ruwa, wato giram 75 a injin feshi na goyo mai lita 15, a fesa da yamma lokacin da shuka ke fure, a maimaita sa'ad da ƙwaya ta fara nono. Kada a wuce wannan ma'auni, ganye zai ƙone. Takin shanu da kashin kaji da takin bola da ya ruɓe sosai suna mayar da ƙananan ma'adinai da buhun NPK bai san da su ba. Makiyaya sun riga mu gane wannan karatu, su da ke ba shanu kanwa da gishirin lasa, har a Nijar suke kora garke zuwa yankin Ingal a ƙarshen damina don lasar ƙasa mai gishiri.

Na san abin da za ka ce, ya kai manomi, kuma kana da gaskiya: a kasuwa mudu ake aunawa, ba wanda zai ƙara maka ko sisi don masararka na da zinki. Rogo mai bitamin A da aka saki a 2011 launinsa rawaya ne, ana ganinsa. Zinki ba ya da launi ba ya da ɗanɗano. Amsata biyu ce. Ta farko, a gonar da ke da rashi, zinki na biyan kuɗinsa ta ƙarin buhuna. Ta biyu, rumbun da kake ci daga ciki naka ne, ko da kadada ɗaya ce ka ware wa abincin gida ka yi mata wannan hidima. Amma nauyin gaske ba a wuyanka yake ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin taki na shugaban ƙasa a ƙarshen 2016, masana'antun haɗa taki sun yawaita a Nijeriya, kuma mai haɗa taki ba ya shan wahala wajen ƙara zinki a cikin haɗinsa idan hukuma ta buƙaci haka ga yankin da gwaji ya nuna yana da rashi. Manomi ɗaya-ɗaya ba zai iya abin da doka ɗaya za ta yi ba.

Daga rumbu zuwa tukunya

Yanzu mu koma ga gurasar nan marar yisti. Hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke ƙulle zinki da ƙarfe ya hana hanji ɗaukarsu. Jiƙo da tsiro da tsimi suna karya wannan ƙulli. Saboda haka kamu da koko da aka bari suka yi tsami, da kunun da aka sa wa garin tsiro, da daddawar kalwa, da waken da aka jiƙa aka zubar da ruwansa kafin dahuwa, duk sun fi sakin ma'adinansu. Iyayenmu mata ba su san sunan fayitet ba, amma hannunsu ya san maganinsa, kuma abin takaici ne ganin ana yaye yara da farar taliya da farar shinkafa zalla ana ganin ci gaba ne. Surfe kuwa wuƙa ce mai baki biyu, yana rage fayitet, amma wani kaso na zinki da ƙarfe na tafiya cikin dusa zuwa bakin akuya. Matsakaicin surfe ya fi. Inda rogo da garinsa suka zama abincin kullum, lalle a haɗa da wake, gyaɗa, riɗi ko agushi, domin rogo ba shi da zinkin kirki. Ɗan nama, hanta, ƙwai ko ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ko yaya ƙanƙantarsu, suna ba da nasu kuma suna taimaka wa na hatsi ya shiga jiki. Garin kuka na 'ya'ya, lemun tsami da gwaiba na taimakon ƙarfe, shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana hana shi.

Wannan shawara ta masu lafiya ce. Ga wanda ciwon kumburin hanji ya riga ya kama, musamman lokacin da ya tashi, dusa da ɓawon wake da ganye mai kauri na iya ƙara masa azaba, mai ciwon Kuron da hanjinsa ya tsuke kuwa har toshewa suna iya jawo masa. Abincinsa likita ne zai tsara.

A nan nake roƙon malaman gona su san iyakarsu, su kuma san darajarsu. Kai ne ma'aikacin gwamnati da ke shiga ƙauyen da likita bai taɓa takawa ba, kuma mutane na gaya maka abin da ke damunsu. A wurinmu duk jinin da ya fito ta dubura basir ne, duk gudawa mai majina atini ce, masu lasifika a tasha da ranar kasuwa kuma suna da kwalbar da ke warkar da duka. Idan ka ga mutum yana gudawa da jini fiye da wata guda, ko tana tafiya tana dawowa, ya sha maganin atini bai ji sauƙi ba, yana ramewa, idonsa ya yi fari, wataƙila da ciwon gaɓoɓi ko gyambon baki ko ƙurji mai yoyo a gefen dubura, kada ka ce masa ya sha zinki ko ya ci zogale. Tura shi babban asibiti, inda za a auna jini da bayan gida, in ta kama a leƙa hanjin da na'ura. Tarin fuka na hanji yana kama da ciwon Kuron ƙwarai, kuma maganin da ke kwantar da Kuron na iya rura tarin fuka, don haka ba abin da za a yi wa kintace ba ne. Kafin ya isa asibiti, abu ɗaya za ka iya gaya masa da bakinka: ya dakata da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da manoma ke sha bayan wunin huɗa, domin suna iya tayar da gyambon hanji su ƙara zubar jinin.